Darduma a Kan Siminti

Litinin, 1 ga Agusta 2005, bayan la'asar

Mariya ta dawo daga tafiyar rijiyoyi, ba ta kuwa biyo ta nan ba. Tun rasuwar mahaifinta Shu'aibu, aminina, ba ta taɓa dawowa Njamena ta wuce ƙofar gidan nan ba tare da ta tsaya ta gaishe mu ba. Jakar takardunta ma tana ɗakin ajiya, inda take barinta duk lokacin da za ta yi tafiya.

Dawuda, editan mujallarmu, shi ya kira ni a waya. An dakatar da ita daga aiki. Kwamiti zai zauna a kanta ranar Laraba, ashirin da huɗu ga wata.

Ga yadda ya ba ni labarin. Mako biyar ta yi tana bin ƙauyuka a arewacin gari, tana auna rijiyoyi, tana shigar da zurfin kowace da halin ruwanta a cikin 'yar kwamfutar hannu da ƙungiyar da take wa aiki ta saya. Rijiya ɗari da talatin da bakwai. Saura uku ta gama, na'urar ta suɓuce mata ta faɗi a kan dakalin rijiya, murfin batir ya ɓalle, batirin ya yi tsalle. Irin waɗannan na'urori ba sa riƙe abin da aka zuba musu sai da wuta a jikinsu. Da ta mayar da batirin, na'urar ta tashi wayam, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

Shugabanninta ba su yarda ba. Saboda taɓo, direba a bakin hanya yake ajiye ta, sauran tafiyar a keken doki take yi, don haka ba ta da shaida daga buro, wato ofishinsu. Suna zaton ba ta je ƙauyukan ba, ta ƙirƙiri faɗuwar ne don ta rufe. Hujjarsu kuwa a rubuce take: rahoton da ya fito a mujalla a watan Mayu, wanda ya ce an saki wannan na'ura sau ashirin da shida a kan siminti ba ta ko gezau ba.

Ni na rubuta rahoton.

Dawuda ya ce, “Sarkin Fasa, sunanka suka jingina da shi. Abin da ya tsira daga hannunka, wa zai yarda faɗuwa ɗaya ta kashe shi?” Na ce Allah ya kyauta, na ajiye wayar.

Talata, 2 ga Agusta, bayan asuba

Ban samu barci yadda ya kamata ba. Sauro ne, ina tsammani.

Laraba, 3 ga Agusta, da hantsi

Na ɗauko littafin gwaji na watan Afrilu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da na yi ritaya daga aikin waya, nake gwada kayan da ma'aikatan karkara ke tafiya da su: fitilun hasken rana, rediyon magana, ma'aunin ruwa. Ina rubuta hukuncina a shafi na shida, masu saye kuma suna karantawa kafin su saya. Sunan da Dawuda ya laƙaba mini ban same shi a banza ba. Akwai shekarar da na fasa fitila tara cikin goma, dillalinsu ya yi wata shida ba ya amsa sallamata.

Wannan na'urar ta sha wahala a hannuna, littafi ya shaida. Na bar ta a gaban mota a rufe daga hantsi zuwa la'asar, a tsakiyar bazara, har robar jikinta ta yi zafin da ba a iya taɓawa, ta ci gaba da aiki. Na nitsar da ita a bokiti rabin sa'a. Na ɗaure ta a bayan babur, aka bi da ita hanyar ramuka sau huɗu. Na karanta rubutun fuskarta da tsakar rana ba tare da na kare ta da hannu ba. Na latsa ta da jiƙaƙƙen yatsa, na latsa ta da safar hannu. Batirinta ya kai sa'a goma sha ɗaya da minti ashirin. Duk wannan na yi shi a kan ƙa'ida, kuma zan iya rantsuwa a kai.

Sai gwajin faɗuwa. Ƙa'idarsa sananniya ce: fuska shida, gefe goma sha biyu, kusurwa takwas, kowanne sau ɗaya. Ga abin da na rubuta a ranar: “Saki 26. Tsawo, mita ɗaya da santimita ashirin. Wuri, barandar gidana, siminti. Lahani, babu.”

Kowace kalma a layin nan gaskiya ce. Na karanta shi sau uku, na rufe littafin.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan magariba

Matata Hansatu ta ce, “Malam, me dardumarka ta yi maka? Kwana huɗu ke nan kana salla a kan tabarma, kuma kana kukan gwiwa.” Na ce damina ce, ta ɗan yi warin raɓa. Ta ɗauke ta, ta shinshina, ta mayar da ita inda take.

Juma'a, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Abena, unguwar su Mariya, bayan saukowa daga masallaci. Taksi ya ƙi shiga layinsu saboda ruwa, na tattare riga na taka.

Mero, mahaifiyar Mariya, ta tare ni a tsakar gida da murna kamar wadda aka kawo wa magani. “Alhamdu lillahi, ga babanki ya zo. Ke fito mana! Tun Litinin nake fama da ita ta je ta same ka, wai kunya take ji.”

Mariya ta fito. Ta rame, rana ta ƙona mata goshi daidai inda ɗankwali ya tsaya. Wanda bai je ƙauye ba ba ya dawowa da irin wannan goshin. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta faɗi abin da ban zo da shirin ji ba.

“Baba, ka yafe mini. Na jawo ana ambaton sunanka a cikin rigima.”

Na ce ta tashi. Na ce ta nuna mini yadda abin ya faɗi. Ta ɗauki sabulun wanki da ke bakin randa, ta riƙe shi daidai ƙugunta, ta karkata shi, ta sake shi. Ya sauka a kan kusurwa.

“Haka kawai, Baba. Ban jefa ta ba, wallahi. Ni ma na kasa ganewa. Na ce ko tawa ce aka yi rashin sa'a a kanta, tunda taka sau ashirin da shida ta faɗi.”

Na tambaye ta takardun cikewa, waɗanda a da ake tafiya da su. Ta dube ni da ɗan mamaki.

“Ai ban tafi da su ba. Kai ka ce ba a bukata. Har shugaba ya karanta mana wurin a taro.”

Na san wurin. Jimla ta ƙarshe ce a rahoton, kuma na ji daɗinta ranar da na rubuta ta: mai ɗauke da wannan na'ura ba ya bukatar takarda.

Mero ta kawo shayi. Na sha kofi biyu saboda ladabi. Da zan tafi ta raka ni har zaure tana cewa, “Kai kaɗai muke da shi, Malam Mijinyawa. Kalmarka ɗaya ta fi tamu ɗari a wurin mutanen nan.” Na ce in sha Allahu.

Asabar, 6 ga Agusta, da azahar

Ban faɗa ba.

Lahadi, 7 ga Agusta, da hantsi

Na buɗe ɗakin ajiya don in duba ko rufin na yoyo. Yana yi, a kusurwar gabas. Na matsar da jakar Mariya.

A ɗakin nan mahaifina yake ajiye kayan mahajjata. A zamaninsa ayari kan sauka a unguwarmu, Marjandafak, a kan hanyarsu ta zuwa Makka, wanda kayansa suka yi masa nauyi ya bar wasu a gidanmu. Mahaifina ya rubuta suna da rana a guntun takarda, ya maƙala, ya rataye. Ina ɗan shekara goma wani mutumin Haɗeja ya dawo bayan shekara tara, ya tarar da ƙunshinsa da ƙullin da ya yi da hannunsa. Ya zauna a ƙofar ɗakin nan ya yi kuka. Sau ɗaya tak mahaifina ya taɓa duka na, ranar da na hau kan akwatin wani baƙo don in ɗauko goro daga alkuki. A gidanmu abin da aka ba ka da hannu biyu ba ya taɓa ƙasa.

Duk kayan da na gwada a shekarun nan daga ofishin mujalla suke zuwa, a kwali, ba fuskar kowa a jikinsu. Wannan kaɗai ta bambanta. Rufa'i, ɗan kasuwar nan da ya zo daga Kano shekaru uku da suka wuce, shi ke shigo da na'urar, shi kuma ya kawo ta gidan nan da kansa. Ya ci tuwo da ni. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Baba Alhaji, ga amana.”

Ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. Ina rubuta yadda abin ya zo ne kawai.

Talata, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Dawuda ya zo. Kwamitin na son wasiƙa daga gare ni, layi uku, mai tabbatar da cewa rahoton Mayu yana nan daram. Ya ce, “Sa hannu kawai, Sarkin Fasa. Ba ka ce ta yi ƙarya ba, ba ka ce ba ta yi ba. Kai dai na'ura ka sani.” Na ce ya ba ni kwanaki. Ya yi dariya ya ce tun da ya san ni bai taɓa ganin na nemi kwanaki a kan layi uku ba, ko tsufa ne ya fara sallama. Na ce mai yiwuwa.

Alhamis, 11 ga Agusta, da azahar

Hutu ne, gari shiru, ruwa tun safe. Na zauna na rubuta wasiƙar sau huɗu. A ta huɗun na ce “an gudanar da gwajin a barandar siminti.” Na daɗe ina kallon yadda na iya jera kalmomi kowace ta tsaya da ƙafarta, amma gaba ɗayansu su kai mai karatu inda ba haka ba. Shekara talatin da biyu na yi a aikin gwamnati ina ƙyamar masu wannan gwaninta. Na yayyaga duka huɗun.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan asuba

Yau ma ban faɗa ba. Saura kwana goma sha biyu.

Asabar, 13 ga Agusta, bayan magariba

Hansatu ta kawo abinci, ta zauna, wanda ba ta cika yi ba. Ta ce ta je Abena da rana. Mero ta daina zuwa suna da biki, saboda mata sun fara tambayarta ko gaskiya ne 'yarta a Njamena ta ɓuya mako biyar.

Na ce mutane ba su da aiki.

Ta ce, “Malam, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa sa baki a aikinka ba, ban san kansa ba. Amma ni na ninka maka dardumar nan. Gida huɗu. Ka ce in ƙara ninki ɗaya, na ce ba za ta ninku ba.”

Ta gyara zama, ta ci gaba.

“Na zaci haka ake yi. Sai da na ga ka daina hawa kanta na gane ba haka ake yi ba.”

Ta tashi ta kwashe kwanukan, har da nawa da ban taɓa ba.

To, bari in rubuta shi a fili, tunda an riga an faɗa a gidan nan. Ranar goma sha tara ga Afrilu na tsaya a baranda da na'urar Rufa'i a hannuna, na dubi simintin, hannuna ya ƙi buɗewa. Na sa aka ninka dardumata mai kauri gida huɗu, na shimfiɗa a kan simintin, na saki na'urar a kanta sau ashirin da shida. Na gaya wa kaina cewa abin da ya jure rana da ruwa da babur zai jure wannan ma. Na mayar wa mai ita kayansa ba ƙwarzane ko ɗaya, ya yi ta godiya, ni kuma na ji daɗin godiyar. A rahoto na rubuta siminti, ban rubuta darduma ba.

Litinin, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Babbar Kasuwa wurin Rufa'i. Shagonsa na layin masu kayan wuta, ya cika shi har rufi. Ya taso da gudu ya share mini kujera da hularsa.

“Baba Alhaji da kansa! Yau kasuwa ta yi albarka. Me za a kawo, shayi ko mai sanyi?”

Na ce na'urar nan ta Afrilu nake so ya sake ba ni, kuma ina gaya masa tun yanzu, wannan karon mai yiwuwa ba za ta dawo lafiya ba. Ya jawo ta daga ƙarƙashin kanta, har yanzu a farin ƙyallen.

“Ai ni na yi mamaki da ta dawo lafiya tun farko. Kamfanin don a fasa suka aiko ta, ba ta sayarwa ba ce. Na ce a raina, wannan ita ce ta gagari Sarkin Fasa? Har na ba abokaina labari.”

Na ce, “Kai ka ce mini amana ce.”

Ya yi dariya har da dafa kanta. “Haba Baba! To me zan ce wa babba in na miƙa masa abu? In ce ga tsiya?”

Sai na gaya masa. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina, a tsakiyar kasuwa, mai gyaran rediyo na maƙwabtaka yana ta ƙara sauti. Dariyar ta ɗauke. Ya zauna a kan kwali, ya daɗe yana murza hular.

“Guda goma sha biyu na sayar wa ƙungiyar nan a kan maganarka,” in ji shi. “Wasu ƙungiyoyi biyu kuma suna jira.” Can ya ce, “Yarinyar nan 'yar wa ce?” Na gaya masa. Ya miƙo mini na'urar, wannan karon da hannu ɗaya. “Je ka fasa ta, Baba. Wannan ba amana ba ce, na faɗa da Hausa.”

Talata, 16 ga Agusta, da hantsi

Na share baranda. Na auna mita ɗaya da santimita ashirin a jikin ginshiƙi, na ja layi da alli. Na shigar da sunayen 'ya'yana biyar a cikin na'urar don in sami abin dubawa. Hansatu ta tsaya a ƙofar kicin.

Fuska shida: ba komai. Gefe goma sha biyu: robar ta ƙuje a wuri biyu, na'urar na aiki. A nan, Allah ya yafe mini, zuciyata ta fara sanyi, na fara fatan ashe Mariya ce ba ta faɗi daidai ba. Na rubuta wannan ma don ya zauna a rubuce.

Kusurwa ta farko: ba komai. Kusurwa ta biyu, ta ƙasa a dama, saki na ashirin: murfin ya ɓalle, batirin ya gangara har gindin randa. Na mayar, na kunna. Babu suna ko ɗaya.

Na maimaita sau uku. Sau uku ya ɓalle.

Laraba, 17 ga Agusta, bayan azahar

Ban faɗa ba. Mariya nake nufi. Saura mako guda.

Alhamis, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Na kira Dawuda gida na nuna masa, na kuma gaya masa na Afrilu. Ya cire tabarau ya goge ya mayar har sau biyu. Bai kira ni da sunan da ya saba ba.

Mutum ne mai son mujallarsa, kuma yana sona, don haka ya kawo shawara. Ya ce mu buga cewa sabon gwaji ya gano lahani a wasu daga cikin na'urorin da aka shigo da su. Mariya ta fita, shafi na shida ya tsira, ba mai jin labarin darduma. “Ba ƙarya a ciki, Malam. Lahanin ai yana nan.”

Na ce to wa zai ɗauki laifin? Ya ce ba kowa. Na ce Rufa'i zai ɗauka, za a ce ya kawo mini mai kyau ya sayar musu da marasa kyau. Na ce masa kuma irin wannan jimlar da ba ƙarya a cikinta na riga na rubuta guda a watan Mayu, ga inda ta kai mu.

Ban ɓoye ba, shawarar ta zauna mini a rai har magariba. Shekara sittin da takwas, suna ɗaya gare ni.

Lahadi, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Bai dace ta ji a gaban baƙi ba, don haka na koma Abena. Na roƙi Mero ta zauna ita ma. Na faɗi komai a tsaye, daga farin ƙyalle har saki na ashirin.

Mero ta ce, “Innalillahi,” ta rufe baki da gefen mayafi.

Mariya ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni, a natse, yaushe na san cewa dardumar ce. Na ce tun ranar da Dawuda ya kira ni. Ta ƙirga da yatsu, ina kallo.

“Kwana ashirin, Baba.”

Na ce haka ne.

“Na durƙusa a nan wurin na ba ka haƙuri. Ka ce in tashi.”

Na ce haka ne.

“Ni har na fara shakkar kaina. Ina kwance ina cewa ko dai na buga ta da ƙarfi ban sani ba.” Ta miƙe. “Gobe zan zo in karɓi jakata.”

Ba wanda ya kawo shayi, kuma daidai ne.

Litinin, 22 ga Agusta, da hantsi

Ta zo ina ɗaki. Hansatu ta karɓi mabuɗi a hannuna ta ba ta jakar. Ƙusar da ake rataye ta ta zauna ba komai.

Laraba, 24 ga Agusta, bayan magariba

Na sa farar rigata ta Juma'a. Na ɗauki littafin gwaji, da na'urar, da dardumar a hammata. Mai gadin buron ya zaci salla na zo yi, ya nuna mini inda ake alwala.

Mutum huɗu ne a kwamitin, shugaban a tsakiya. Mariya na gefe ita kaɗai a kan benci. Rufa'i ya zo ba wanda ya gayyace shi, ya tsaya a bayan ɗaki. Shugaban ya tarbe ni da girmamawa, ya ce sun gode da babban gwani ya zo da kansa maimakon wasiƙa. Na roƙi su fito baranda.

Na ninka dardumar gida huɗu a gabansu. Na saki na'urar a kanta ta kusurwar ƙasa a dama, na ɗauka na nuna musu tana aiki. Na ce da Faransanci, don kowa ya ji, “Wannan shi ne gwajin da na yi a watan Afrilu.” Na janye dardumar da ƙafa, na sake saki. Batirin ya gangara ya tsaya a jikin takalmin shugaban. Na ce, “Wannan shi ne gwajin da na rubuta cewa na yi.”

Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni dalili. Na fara zancen mahaifina da mahajjata, sai na ji yadda yake fita a bakina kamar neman a tausaya mini, na tsaya. Na ce ba ni da dalilin da ya shafi kwamiti. Na ce yarinyar nan ta je inda ta ce ta je, ta bar takarda ne a kan maganata, kuma aikin mako biyar ni na zubar da shi, ba ita ba.

Sun shiga, sun fito bayan rabin sa'a. An mayar da ita aiki. Za ta sake bin rijiyoyin daga farko, da takarda, domin sai da jerin za a san ƙauyukan da za a gyara wa famfo kafin rani. Shugaban bai miƙo mini hannu ba da zan tafi. Rufa'i ne ya tsinci batirin, ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da taksi.

Mariya ba ta dubi inda nake ba.

Juma'a, 26 ga Agusta, da hantsi

Na kai wa Dawuda gyaran, shafi guda, da sunana a ƙasa da kalmar darduma a layi na biyu. Na gaya masa shi ne rubutuna na ƙarshe a shafi na shida. Ya ce in bari ƙura ta lafa tukuna. Na ce wanda zai karanta hukuncina nan gaba zai tambayi kansa me na shimfiɗa, kuma yana da gaskiya.

Litinin, 29 ga Agusta, bayan azahar

Da sassafe motar ƙungiya ta tsaya a ƙofar gida. Ina zaune a baranda. Mariya ta shigo da takalmin taɓo, da damin takardun cikewa a cikin leda, da jakar a kafaɗa. Ta gaishe ni gaisuwar da ake yi wa kowane dattijo a hanya, na amsa. Ta wuce ni zuwa ƙofar kicin.

“Inna, ga ajiya. Ɗakinmu na yoyo.”

Hansatu ta goge hannu ta karɓa. Ta ce, “Mako nawa wannan karon?”

“Shida, in hanya ta yarda.”

A zaure ta ɗan tsaya, ba ta juyo ba. Ta ce, “Baba, kusurwar gabas ɗin nan tana yoyo, na gani ranar.” Na ce na sani. Ta fita, motar ta tashi.

Hansatu ta zo ta miƙo mini jakar, domin mabuɗin a wurina yake. A da daga hannun Mariya take zuwa hannuna. Na yanki guntun takarda, na rubuta sunanta da ranar yau, na maƙala, na rataye ta a ƙusar yamma, mafi nisa daga ruwan.